Ƙaro, Kaɗanya ko Gawayi: Wanne Ya Dace Bazazzage Ya Zuba wa Jarinsa?

Bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya same ni a zaure, a gidanmu na Tudun Wada, waya a hannu. Shekara huɗu ke nan yana sayen masara da waken soya a kasuwar Giwa yana ajiyewa zuwa bazara, Allah kuma ya sa albarka har ya tara abin da za a iya kira jari. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo wayar ya ce, "Kawu, don Allah dubi wannan. Gawayi ne ake lodawa a kwantena zuwa Dubai. Sun ce lodi biyu mutum zai yi ya fitar da uwar kuɗinsa." Na kalli bidiyon har ƙarshe, na ce masa ya gyara zama, wannan ba maganar tsaye ba ce.

Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Tun da dala ta yi tashin gwauron zabi, duk wanda ya tara 'yan kuɗi a Zariya, daga matashin ɗan kasuwa har wanda ya karɓi kuɗin sallama bayan ritaya, sai ka ji yana tambayar abin da zai fitar ƙetare. Kayan daji kuwa sun fi jan hankali, don ana ganin Allah ne ya shuka, kai dai ka tattara. Huɗu aka fi ambata a arewa: katako, gawayi, ƙaro da kaɗanya. Na yi shekaru ina harkar citta da zoɓo, na taɓa kaɗanya, ina kuma da abokan ciniki masu ƙaro a Kano. Abin da na fara nuna wa yaron shi ne, biyu daga cikin huɗun sai an kashe bishiya ake samun su, biyu kuma bishiyar tana tsaye take ba ka, bana ta ba ka baɗi ta ƙara. Wannan bambanci shi ke yanke yadda doka za ta bi da kai, a gida da waje.

Katako ba zan daɗe a kansa ba. Gungume da katakon da ba a sarrafa ba sun daɗe a jerin kayan da aka haramta fitarwa daga Najeriya. Mai son ya san yadda harkar take ƙarewa ya dubi madobiya, itacen nan mai jan ciki da 'yan kasuwa ke kira koso, wanda masu kuɗin ƙasar Sin ke so don kujeru da gadaje na alfarma. Cikin 'yan shekaru aka bi dazukan Kogi da Taraba da injin yanka, tirela na bin tirela zuwa Legas. A farkon 2017 madobiya ta shiga jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, a 2018 kuma aka nemi ƙasashe su dakatar da sayenta daga Najeriya ɗungurum. Waɗanda suka shiga da wuri sun kwashi kuɗi. Waɗanda suka shiga a makare suka tsaya da gumagumai a hannu, mutanen ƙauyukan aka bar su da kututture, makiyayan da ke sassabo wa shanu ganyenta da rani su ma suka rasa.

Gawayi kuwa dole a yi masa adalci, domin abin da ya ja hankalin yaron ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Kasuwarsa tana nan. Turawa na gasa nama da shi a lokacin zafinsu, Jamus da Folan sun sha sayen na Najeriya, ƙasashen Larabawa kuma suna so don gashi da shisha. Ba ya ruɓewa, ƙwaro ba ya cin sa, kuma gane mai kyau ba wuya: ka ɗaga ka ji nauyi, ka buga biyu ka ji amo kamar ƙarfe, ka karya ka ga yana sheƙi. Na kirya da na marke su ne kan gaba, shi ya sa maƙera suka fi yarda da na kirya. Buhunsa a daji kuma da araha idan ka kwatanta da abin da ake biya a can.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma bidiyon bai faɗi wannan ba. Gwamnatin tarayya ta sha yi wa gawayi buɗe-rufe. An hana, an sassauta da sharuɗɗa a farkon 2023, sannan a ƙarshen 2025 Ministan Muhalli, Balarabe Abbas Lawal, ya sanar da umarnin shugaban ƙasa na haramta fitar da itace da dangoginsa, tare da soke lasisin da aka riga aka bayar. Jihohi da dama su ma suna da tasu dokar, wato tun kafin kaya su ga ruwan Legas malaman daji na iya tsare motarka. Ko da gobe an sake buɗewa, Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda ta shafi itace da gawayi, da koko, kofi, roba, manja, waken soya da shanu. Mai shigar da kaya sai ya nuna ainihin filin da aka samo su a taswira, ya kuma tabbatar ba a share daji a wurin ba bayan 31 ga Disamba, 2020. An ɗage ranar fara aiki da dokar, amma ba a soke ta ba. Gawayin da aka tattaro buhu biyar nan, buhu goma can, daga hannun masu turbuɗa itace a tsakiyar daji, wa zai zana maka taswirarsa? Ga kamfanonin jiragen ruwa kuma, da ke lissafa gawayi cikin kaya masu haɗari saboda yana iya ɗaukar zafi da kansa ya kama wuta a cikin kwantena.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan damuna, na kuma faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. A irin ƙonawar da ake yi a ƙauyukanmu, ta tara itace a rufe da ƙasa, sai an ƙone tan 5 zuwa 10 na itace kafin a sami tan 1 na gawayi. Kwantena guda daji ne sukutum. Da kirya ta yi wuya, masu sara ba sa komawa gida hannu rabbana, kaɗanya suke afka wa, don ita ma gawayinta da nauyi. Bishiyar da sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, wadda za ta ciyar da mace da 'yarta da jikarta, a kayar da ita kafin a sha ruwa. Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kaduna ya ga buhunan da aka jera a bakin titi, ya kuma tuna duhuwar da ke gefen hanyar nan a da, ya san abin da nake nufi. Na ce masa, "Ɗana, ko takarda ta halatta, ba na so a ce da kuɗinka aka yi wannan."

Saura biyu, kuma a nan zaɓin gaskiya yake.

Ƙaro mun san shi tun muna makarantar allo. Shi ake jiƙawa a haɗa tawada don ta kama, shi masu wankin hula ke sawa ta tsaya ƙyam. Wannan ƙaron dai shi ne a cikin lemon kwalba, da alewa, da ƙwayoyin magani. Idan ka ga E414 a jikin kwali, shi ne. Aikinsa ya riƙe mai da ruwa wuri guda kada su rabu, kuma masana'antu sun dogara da shi har ta kai lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997 ta bar wa ƙaro hanya. Rahoton UNCTAD, hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2018 ya nuna a lokacin Sudan ke fitar da kashi 66 cikin 100 na ɗanyen ƙaron duniya, Chadi kashi 13, Najeriya kashi 8 da rabi. Faransa da Indiya ne manyan masu saye, kamfanonin Faransa irin su Nexira kuma su ke tace shi su mayar gari su sayar wa duniya da tsada. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ci yankunan Kordofan da Darfur, inda ƙaron yake, sai masu saye suka ƙara waiwayo Chadi da Najeriya.

Ƙaro ba ɗaya ba ne, kuma a nan baƙo ke faɗawa rami. Lamba ɗaya daga bishiyar dakwara yake fitowa, dunƙule mai tauri kamar girman goro, launinsa daga fari-fari zuwa ruwan zuma, idan ka fasa ka ga cikinsa kamar gilashi. Lamba biyu na dushe ne, ya fi duhu, yana da saurin marmashewa. Lamba uku gauraye ne na sauran itatuwa irin su taramniya, kuɗinsa can ƙasa yake. Na taɓa zama a wani sito a Kano ina kallon mata sun baje ƙaro a kan tabarmi, kowace da faranti uku a gabanta, suna tsince ɓawo da yashi, suna ware fari daga ja, ba mai ɗaga kai. Abin da na ɗauka duk ɗaya ne da safe, kafin la'asar ya zama tsibi uku, kowane da farashinsa. Wanda ya sayi buhu a kasuwar ƙauye da kuɗin lamba ɗaya alhali sulusinsa lamba biyu ne, ya yi asara tun bai ɗora a mota ba.

Kyawun ƙaro ga ɗan kasuwa shi ne haƙurinsa. Bayan ruwa ya ɗauke ake tsaga bishiyar, a dawo bayan mako 4 zuwa 6 a tsinka, don haka a bushe yake zuwa hannunka cikin hunturu. Ka sa shi a sito mai iska, a kan katako, zai shekara bai canza ba. Kilonsa da daraja, kuɗin mota ba ya cinye ribar kamar yadda yake yi wa gawayi. Ba ya cikin dokar dajin Turai, gwamnatinmu ma ƙarfafa fitar da shi take yi.

Aibinsa ga Bazazzage shi ne ba namu ba ne. Ruwan Zariya ya kai wajen milimita 1,000 a shekara, dakwara kuwa sai a ƙasa mai yashi da ƙarancin ruwa take ba da ƙaro sosai. Sai ka nufi Yobe da Borno da Jigawa, su Gashuwa da Nguru da Geidam da Maigatari. Mutanen can gadon harkar suka yi, tun zamanin da layin dogo ya isa Nguru a 1930 jirgi na kwaso ƙaro da gyaɗa da fatu. Bishiya guda 'yan ɗaruruwan giram take bayarwa a shekara, kwantena kuwa tana cin wajen tan 20. Ka ga sai ka bi ta hannun dillalai da yawa, a ƙasar da ba ka da kowa, wasu wuraren ma tsaro bai gama daidaita ba. Kuɗin da zai cika maka tirela da masara kuma, a ƙaro ba zai kai ko'ina ba.

Kaɗanya ita tamu ce. Daga Giwa zuwa Birnin Gwari, daga Soba zuwa Kubau da Kauru, tana tsaye cikin gonaki tare da ɗorawa, manomi ya share komai ya bar su. Jihar Neja ce kan gaba a ƙasar nan, su Kwara da Kebbi da Oyo da mu nan Kaduna na biye. A gida mun san man kaɗe a girki, a shafa wa jariri, a murza wa mai targaɗe. A waje kuwa ba masu kayan shafa ne suka fi cin sa ba kamar yadda ake zato, masu cakulan ne. Tun shekarar 2000 dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa har kashi 5 cikin 100 na wasu mayuka a madadin man koko a cikin cakulan, man kaɗe na cikinsu. Shi ya sa manyan kamfanoni irin su AAK da Bunge suke saye a Afirka ta Yamma. Ragowar ce ke tafiya wajen masu man shafawa da sabulu, kuma su ne ke biyan kuɗi mai kyau a kan man da mata suka yi da hannu.

Sai dai kaɗanya ta girgiza 'yan kasuwa a 2025. A ranar 26 ga Agusta, 2025, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata shida. Hujjar gwamnati ita ce Najeriya na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5 bai kai kashi 1 ba, saboda ɗanya muke sayarwa. Burkina Faso da Mali sun riga mu ɗaukar irin wannan mataki a 2024. Sanarwar ta zo sitoci na cike, cikin kwanaki farashi ya rikito. Wanda ya ci bashi ya tara ƙwara don mai saye na waje ya kwana ciki, matan ƙauye masu tsinta su ma abin ya taɓa su ƙwarai, kuma su ne suka fi ba ni tausayi. Amma a lura da bambancin wannan hani da na gawayi. Na gawayi cewa yake a daina. Na kaɗanya cewa yake a sarrafa a gida kafin a fitar. Ƙwara aka tsare, mai yana wucewa, kuma da yawa daga maƙwabtanmu nan suka fuskanta. Wanda zai shiga kaɗanya yanzu da niyyar ya tara ƙwara ya tura waje, ya makara.

Ni kaina na taɓa yin asara a kaɗanya, kuma rashin sani ne ya jawo. Wata shekara na sayi ƙwara cikin Agusta daga ƙauyuka uku, na ɗinke buhuna na jibge a sito a Sabon Gari, ina jiran farashi ya ɗaga. Bayan wata biyu wakilin wani kamfani ya zo. Bai tambaye ni komai ba. Ya soka hannu tsakiyar buhu, ya ciro guda goma, ya fito da 'yar wuƙa ya dinga tsagawa biyu yana jerawa a kan sikeli. Lafiyayyar ƙwara cikinta haske ne, da ƙamshin mai. Nawa shida sun yi baƙi, biyu da fumfuna, ga wani wari mai tsami. Ya ce, "Alhaji, ba a dafa wannan da wuri ba, kuma ba ta bushe ba aka ɗinke." Abin da ya taya ko kuɗin saye bai kai ba.

A ranar na fahimci cewa ingancin kaɗanya a makon farko ake yin sa ko a ɓata shi, a hannun matar da ta tsinto. 'Ya'yan da damina suke zuba, daga wajen Mayu zuwa Agusta. Dole a cire naman, a dafa ƙwarar cikin 'yan kwanaki kafin ta fara tsiro, a shanya a wuri mai tsabta har danshinta ya sauka ƙasa da kashi 8, duk a lokacin da hadari ke haɗowa kusan kowace yamma. Idan aka gaji aka busar da ita a kan wuta, hayaƙin na barin sinadarin da gwajin Turai ke kamawa. Tsamin mai shi kamfani ke aunawa, da ya hau kuɗi ya sauka. Kuma matan nan da asuba suke shiga ciyawa, ga maciji, a wasu yankunanmu ga tsoron masu garkuwa, har akwai dazukan da aka daina zuwa.

Mayar da ita mai shi ne inda ribar take, nan kuma wahalar take. Kusan rabin ƙwarar mai ne, amma a aikin hannu, daka da suya da niƙa da bugu cikin ruwa har man ya taso, wajen kilo 3 na ƙwara ke ba da kilo 1. Injin matsa yana ƙara yawan, yana kuma son wuta da gyara. Mai saye na waje zai nemi sakamakon ɗakin gwaji, da takardun NAFDAC, da tabbacin cewa man da ka aiko bana shi za ka aiko baɗi, launi ɗaya ƙamshi ɗaya. A nan Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a: ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, ba sai ka je Legas neman mai auna maka samfuri ba. Man kaɗe kuma na da abin da ƙaro ba shi da shi, wato kasuwar gida. Idan na waje ya yi shiru, masu sabulu da man shafawa na Kano da Kaduna da Abuja suna saye, matan unguwa ma suna saye, balle da hunturu lokacin kaushi da faso. Ƙaro in ba a fitar ba, masu tawada da wankin hula ba za su shanye maka tan guda ba.

Idan aka ɗora su a sikeli, ga yadda nake gani. Mai jari mai kauri, wanda babu abin da zai hana shi kwana uku ko huɗu a hanya, kuma yana da amintacce ɗan ƙasa a Yobe ko Jigawa, ƙaro ya fi masa. Saye da sayarwa ne zalla, irin wanda ɗan hatsi ya saba. Haɗarinsa a cuce ka a lamba, ko farashin duniya ya sauko ranar da Sudan ta sami zaman lafiya ta dawo kasuwa da ƙarfinta, abin da muke roƙa musu ko da zai rage mana riba. Mai matsakaicin jari kuwa, wanda ke da dangi a ƙauyukan kaɗanya, yake kuma da haƙurin zama da mata ya saya musu tukwane da tamfol, ya biya su fiye da kasuwa a kan ƙwara mai kyau, kaɗanya ta fi masa. Ribarta ba ta zuwa a shekarar farko. Amma matan da suka san irin kayan da yake so, suka kuma san ba ya cin haƙƙinsu, ba wanda zai zo da kuɗi rana ɗaya ya ƙwace masa su. Lokutansu ma ba sa karo, kaɗanya ta damina ce, ƙaro na rani, wanda ya ƙware a ɗaya zai iya juya kuɗinsa a ɗayan. Amma sai daga baya, don taura biyu ba ta taunuwa.

Ko wanne aka zaɓa takardun kusan iri ɗaya ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Rajistar kamfani a CAC, shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC, fom ɗin NXP na bayyana kayan da za ka fitar, ta bankinka, kuɗin duba kaya na rabin kashi 1 cikin 100 na darajarsu, da takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS. Babban Bankin Najeriya kuma ya wajabta kuɗin kayan su dawo gida cikin kwana 180. Wannan sharaɗi shi ke kama wanda ya tura kaya bisa alkawarin baki ga mutumin da bai sani ba sai a WhatsApp: kaya sun tafi, banki na tambaya. Tashar tsandauri ta Kaduna da aka buɗe a 2018, da ta Dala a Kano, da ta Funtuwa, sun kawo kwastam kusa da mu, amma kayan dai sai sun gangara Legas, kuma duk kwanan da kwantena ta yi tana jira kuɗi ne. Saboda haka ba na ba kowa shawarar ya fara da kwantenar kansa. Ka fara da kai wa masu fitarwa a Kano, ko masana'antun da ke matsar kaɗanya. Ribar ba ta kai ta dala ba, amma a hannu ake biya, kuma buhun da aka ƙi karɓa a gabanka za a gaya maka dalili, ba a wasiƙa daga Faransa bayan wata biyu ba.

Shi ɗan ƙanwata kaɗanya na zaɓar masa. Jarinsa bai isa ƙaro ba, bai san kowa a gabas ba, amma kakarsa ta wajen uba 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Giwa, kuma har yau gwaggonninsa suna fita tsinta. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, to dalar fa?" Na ce dalar tana nan, amma sai ya iya fitar da durom goma na mai iri ɗaya tukuna. Muka yi lissafi a bayan wata takarda. Sulusin kuɗinsa kawai zai sa bana, sauran ya bar su a masarar da ya sani. Zai sayi manyan tukwane biyu, da tamfol, da 'yar na'urar auna danshi, ya tafi ƙauyen tun kafin ruwan farko ya zauna da matan a yi ciniki a kan ƙwarar da aka dafa cikin kwana uku. Buhunan da zai zuba na algarara ne masu shan iska, ba leda ba, a ɗora su a kan katako nesa da bango. Samfurin man farko kuwa, in Allah ya kai mu, ni zan raka shi mu kai Basawa.